Shin farin ƙuda na iya kai cutar tumatir ga wake da kabewa?

Tambaya: Ina noman rani a fadama. Ganyen tumatirina ya nannaɗe ya yi ɗorawa, ga farin ƙuda ya cika ƙarƙashinsa. A gefe akwai wake da kabewa da kuɓewa. Tunda ba danginsu ɗaya da tumatir ba, su ma za su kamu?

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye amfanin gonarka. Suna iya kamuwa, amma sai abu biyu sun haɗu: ƙwaron ya sha daga shukokin biyu, sannan ƙwayar cutar ta iya hayayyafa a jikin ta biyun.

Sharaɗin farko ba ya wuyar cika, domin wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Bemisia tabaci, yana rayuwa a kan ɗaruruwan nau'o'in tsirrai. Idan ya tsotsi ruwan shuka mai cuta na ɗan lokaci, ƙwayar bairos takan ratsa hanjinsa ta shiga jininsa, ta isa inda yawunsa ke fitowa bayan wasu awanni, kuma daga nan yakan ci gaba da zuba ta a duk ganyen da ya soka har tsawon kwanaki, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa.

Sharaɗi na biyu ne ke rarrabewa. Ƙwayar TYLCV, mai nannaɗe ganyen tumatir, tana kama wake, alhali danginsa daban ne. Wata 'yar'uwarta, wadda aka fara bayyanawa a tumatir a Indiya a 1995, ta ɓulla a Sifen a 2012, inda ta fi yi wa dangin kabewa ɓarna. Wadda ke murɗe ganyen auduga a Gezira ta Sudan kuwa an same ta a kuɓewa a Nijar. Cutar mozayik ta rogo, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, akasin haka take, domin ba ta cika barin rogo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shukar da ke ɗauke da ƙwayar ba tare da nuna alama ba, musamman ciyawar bakin gona, wadda ke riƙe cutar tsakanin girbi da sabon dashe. Saboda haka ka tuge tumatirin da ya kamu da wuri, ka nome ciyawar, ka rufe wurin renon iri da raga mai ƙananan ƙofofi, kuma kada ka dasa sabo kusa da tsohuwar gona. Feshi kaɗai ba zai wadatar ba, don ƙwaron yana saurin sabawa da magani, kuma shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa.