Tambaya da Amsa: Digiri na biyu a fannin shari'a da tattalin arziki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digirin farko a fannin shari'a, kuma na ji labarin wani digiri na biyu da jami'o'in Turai suke bayarwa tare a kan shari'a da tattalin arziki. Me ake koyarwa a cikinsa, kuma zai amfane ni a aikin lauya?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shirin da kike nufi shi ne EMLE (European Master in Law and Economics), wanda aka fara a 1990, daga baya kuma ya shiga ƙarƙashin Erasmus Mundus, shirin tallafa wa karatun jami'a na Tarayyar Turai. Karatu ne na shekara ɗaya da Turanci, an kasa shi zango uku, kuma ɗalibi yakan zauna a jami'o'i biyu ko uku kafin ya kammala da rubuta kundin bincike. Daga cikin jami'o'in akwai ta Rotterdam a Holan, da ta Hamburg a Jamus, da ta Ghent a Beljiyam, da ta Aix-Marseille a Faransa.

Abin da ya kamata ki fahimta tun farko shi ne, ba dokokin wata ƙasa ake haddacewa a can ba. Tambayar da ake yi wa kowace doka ita ce: idan an kafa ta, yaya mutane za su canza halinsu, kuma wa zai ɗauki asarar? Ronald Coase, masanin tattalin arziki wanda ya samu kyautar Nobel a 1991, ya kawo misali a wata maƙala tasa ta 1960 da kowane Bahaushe zai gane nan take, wato shanun makiyayi da ke shiga gonar maƙwabcinsa. Ya nuna cewa idan an fayyace haƙƙin kowa, kuma sasantawa ba ta da wahala, to mutanen biyu za su daidaita a kan abin da ya fi riba, ko da wane ne doka ta ɗora wa biyan diyya. Amma inda manoma suke da yawa, makiyayin kuma mai wucewa ne, sulhun yana da tsada, kuma a nan ne hukuncin doka yake yanke wa kowa makomarsa. Da irin wannan ido ake duba kwangila, da mallakar dukiya, da diyyar haɗari, da gasar kamfanoni a kasuwa.

Saboda haka akwai lissafi da zane-zanen tattalin arziki, kuma lauyoyi sukan sha wahalarsu a zangon farko. Ki fara bitar tushen fannin tun kafin ki nema.

Game da aiki kuwa, wannan digiri ba ya ba da izinin tsayawa a gaban kotu. A Najeriya sai kin bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi an rantsar da ke. Idan shari'ar kotu ce burinki, a ganina akwai digirin da ya fi shi dacewa da ke. Idan kuwa kina sha'awar hukumomin sa ido, irin su hukumar FCCPC ta Najeriya da aka kafa bisa dokar gasa da kare masu saye wadda aka sanya wa hannu a 2019, ko babban banki, ko koyarwa a jami'a, to ya cancanci nema. Tallafin karatu da jerin jami'o'in sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka ki karanta sanarwar shekarar da za ki nema, ki kuma tanadi shaidar ƙwarewa a Turanci da wuri.