Wasan Waya Mai Tsirar da Ciyawa Yana Iya Faɗin Ranar Shuka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kwamfuta ne a wata ƙaramar sakandare a yankin Ringim, Jihar Jigawa. Akwai wani wasan waya da ya shigo garinmu, wanda mutum zai zuba yashi da ruwa da iri, ya zauna yana kallon ciyawa tana tsirowa, hadari yana haɗuwa, wani lokaci gobara ta tashi ta cinye dajin. Na san a kan tsarin selula otomata aka gina shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wani mai cajin waya a kasuwarmu yana tura wa manoma shi a kan kuɗi, yana ce musu a haɗe yake da tauraron ɗan'adam, kuma idan ruwa ya sauka a ciki alama ce ta a fita shuka. Kawuna ya yarda, har ya fito da irinsa na gero. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka gaya wa Kawu ya mayar da irinsa rumbu tukuna. Babu gaskiya ko kaɗan a cikin abin da mai cajin nan yake faɗa, kuma damuwarka tana kan hanya.

Tunda ka san tushen abin, ba zan ja ka da nisa ba. Fuskar wayar an yanka ta ne zuwa ƙananan gurabe kamar na dara, kuma kowane gurbi ba ya ganin komai sai maƙwabtan da ke manne da shi, wannan tsari shi ake kira selula otomata. Ƙwayar yashi tana duba ƙasanta, idan babu komai ta faɗa, idan a cike yake ta zame ta kusurwa, shi ya sa take taruwa ta yi tudu. Ruwa yana yin haka, sai dai yana ƙarawa da malala hagu ko dama. Gurbin bishiya yana kamawa da wuta idan maƙwabcinsa yana ci, a zagaye na gaba ya zama fili, daga baya ya sake tsirowa bisa ƙuri'ar da na'ura take jefawa. Wannan salon gobarar daji sananne ne, masana kimiyya Drossel da Schwabl sun wallafa shi a 1992. Tun kafin su, a 1970, masanin lissafi John Conway ya fito da wani wasan gurabe mai suna Game of Life, inda gurbi mai rai yake ɗorewa idan maƙwabtansa biyu ko uku cikin takwas suna raye, matacce kuma ya farfaɗo idan uku cif suna raye. Da ɗan wannan sharaɗi ake samun surori masu tafiya da kansu a kan allo. Idan dokoki ƙalilan irin waɗannan za su iya sa masana lissafi su shagala shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne manomi ya ga hadari a waya ya zaci akwai wani sirri a ciki.

To, a nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa, kuma kusan kullum sai an kawo mini irin wannan ƙara, yau wasa ne, gobe wata manhaja ce da aka ce tana gano ruwa a ƙarƙashin ƙasa idan an ɗora waya a kan turɓaya. Kuskuren guda ɗaya ne: ana ɗauka duk abin da ya yi kama da duniya a kan allo, to labarin duniya yake bayarwa. Ruwan da ke sauka a cikin wasan nan bai san Ringim ba, bai san watan da muke ciki ba, bai san ko iskar damina ta fara kaɗowa daga kudu ba. Lamba ce ake jefawa a ɓoye, idan ta faɗa ƙasa da wani adadi da mai rubuta wasan ya zaɓa, sai a zana ɗigon ruwa. Shi kuwa ya zaɓi adadin ne domin wasan ya yi daɗin kallo.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, masu hasashen yanayi na gaskiya su ma suna yanka sararin sama gurbi-gurbi. Amma su, suna cika gurabensu da awo na zahiri da ke zuwa daga tashoshin ƙasa da balan-balan da taurarin ɗan'adam, wato zafi da laima da ƙarfin iska, sannan manyan kwamfutoci su warware lissafin motsin iska a kansu. Duk da wannan ɗawainiya, hasashen rana da rana yana rasa ƙarfi idan aka doshi mako biyu, domin ɗan kuskure a awon farko yana girma da sauri, kamar yadda masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna a 1963. Saboda haka hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara yana zuwa ne da tazarar kwanaki, ba ya cewa ranar kaza da la'asar. Yanzu wani da ke zaune a rumfa, da janareta da wayoyi a jere, zai ce shi ya riƙe abin da ya gagari waɗannan duka, kuma yana sayar da shi ta manhajar tura kaya ta Xender?

Raina yana ɓaci ne domin na san wanda zai biya. Manomin da ya fita shuka a kan ruwan farko na yaudara, sannan aka ɗauke ruwa na kwana da kwanaki, zai kalli geronsa ya tsiro ya ƙone. Sai ya nemo wani iri, sau da yawa da bashi, ya sake biyan 'yan ƙwadago, kuma idan ya riga ya zuba taki, asarar ta ninku. Mai cajin ba zai mayar masa da ko sisi ba, zai ce ƙaddara ce. Wanda ya karɓi kuɗin talaka a kan ƙarya, ya sa shi ya zubar da abincin iyalinsa na shekara, ya ji tsoron Allah, domin hakki ne da za a tambaye shi. Iyayenmu da suke tona ƙasa da hannu su ga inda danshi ya kai kafin su ɗauki sungumi sun fi wannan wasan sanin gona nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne a ce an ture wannan sani saboda allo mai launi.

Shi kansa wasan ban ga laifinsa ba. Babu abokin gaba, babu maki, babu agogon da ke korar mutum, shi ya sa yake kwantar da hankali, kuma ga malami irinka kayan aiki ne mai kyau. Ka zana gurabe a allon aji, ka ba ɗalibai dokar Conway, su fitar da zagaye biyar da alli, za su fahimci yadda manhaja take aiki fiye da haddar littafi.

Game da Kawu, kada ka yi musu da shi a gaban mutane. Ka karɓi wayarsa cikin ladabi, ka cire layin, ka kashe data, ka buɗe wasan, ya ga ruwa yana ci gaba da sauka ba tare da haɗi da kowane tauraro ba. Sannan ka ajiye wayarka kusa da tasa, ku fara wasan a lokaci guda a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Za ku ga wani lokaci a ɗaya ana ruwa, ɗayar tana bushe. Ka tambaye shi wacce ce take faɗin gaskiyar gonarsa. Bayan haka ka raka shi wurin malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Jigawa, da ke kula da yankinku, ko ku saurari hasashen bana a rediyo tare, kuma ka duba wayar da kyau, domin manhajar da aka turo daga rumfa ba a san abin da aka cusa a cikinta ba, musamman idan a wayar yake karɓar saƙon banki.