Amsa kan ƙauyen nan mai kabarin kare a Wales

Hajiya mai tambaya, kin ce an ba ki labarin wani ƙauye a Wales da aka yi wa kare kabari har mutane ke zuwa kallo, wai gaskiya ne, kuma ko ya kai a kwashi yara a je. To ni dai sau uku na je lokacin ina zaune a Bangor, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Sunan garin Beddgelert, a yarensu bedd kabari kenan, Gelert kuma wai sunan karen. Labarin da suke bayarwa shi ne sarkinsu Llywelyn na ƙarni na 13 ya dawo daga farauta ya tarar da karensa baki duk jini ga gadon jaririnsa a kife, bai tsaya bincike ba ya zare takobi ya kashe shi, sai ga kukan yaro lafiya lau kusa da gawar kyarkecin da karen ya kashe. Abin tausayi kam. Amma kabarin nan fa Hajiya, wani mai otal ne David Pritchard ya tara duwatsu ya haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18 don baƙi su riƙa zuwa, kasuwanci ne kawai, masana ma sun fi karkata ga cewa Gelert ɗin da ke cikin sunan garin sunan wani waliyyin Kirista ne na da can. Na je na tsaya, duwatsu ne da allo a gindin bishiya cikin fili, tumaki na kiwo a gefe, minti biyar kin gama.

Ni abin da ya mayar da ni garin ruwa ne da duwatsu. Ƙauyen ko mutum 500 bai kai ba, yana zaune daidai inda kogin Colwyn ya haɗu da Glaslyn, dutsen Moel Hebog ya tsaya masa a ka. In kika bi Glaslyn ƙasa za ki shiga mashigin Aberglaslyn, ruwa garau har tsakuwar ƙasa kike gani, sai dai hanyar akwai santsi, ni kaina na sha ƙasa a can da takalmin gayu, ki riƙe hannun ƙananan sosai. Wai da can ruwan teku har wajen gadar da ke mashigin Aberglaslyn yake zuwa, kafin wani mai suna William Madocks ya yi shingen tare ruwan teku a garin Porthmadog a 1811.

Yara kuma ki kai su ramin tagulla na Sygun da aka daina haƙa a 1903, ana shiga ciki da hular kwano, sannan akwai jirgin ƙasa mai tururi tsakanin Caernarfon da Porthmadog da ke tsayawa a garin. Ki tafi da rigar ruwa ko da rani ne wlh, ki kuma yi guzurin abincinku daga gida, ni dai ban ga mai sayar da naman halal ba a can.