Manaja mai zafi kake nema, Alhaji, ko wanda za a iya faɗa wa gaskiya?

Wani Alhaji daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto min. Ya gaji motocin haya tara daga mahaifinsa, masu jigila tsakanin Garwa, Marwa da Ngaundere. Yau huɗu suna gareji a kan duwatsu, bashin masu kayan gyara ya taru, direbobin kuma yawanci 'yan uwa ne. Ya ji ana labarin shugabannin da suka ceto kamfanonin ƙera motoci, shi ne yake tambaya ko ya ɗauko manaja mai zafi ya damƙa masa komai.

Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Labarin da ka ji gaskiya ne, amma ba zafi ne ya yi aikin ba.

A 2006 kamfanin Ford na Amurka ya tafka asarar sama da dala biliyan 12. Bill Ford, tattaɓa-kunnen wanda ya kafa kamfanin, ya sauka daga kujerar gudanarwa, ya ɗauko Alan Mulally daga Boeing, masu ƙera jiragen sama. Mulally ya kafa zama kowace Alhamis, kowane shugaban sashe ya nuna aikinsa da launi: kore lafiya lau, rawaya da sauran gyara, ja kuwa matsala. Makonni suka shuɗe, kowa kore yake kawowa, alhali kuɗi na zurarewa. Tsoro ne. An saba duk wanda ya kawo mummunan labari, kansa ake saukewa. Ran nan wani mai suna Mark Fields ya nuna ja, saboda matsala a sabuwar motarsu Edge. Ɗaki ya yi tsit. Sai Mulally ya tafa masa, ya tambayi wa zai iya taimaka. Daga nan jajaye suka fara fitowa, gyara ya samu ƙofa. Fields ɗin ne ya gaje shi a 2014.

Nan nake so ka tsaya, Alhaji. Na tabbata direbanka ya san ranar da inji ya fara shan mai, bakanike ya san wanda ke sayo jabun kaya ya rubuta kuɗin na asali, yaron mota ya san fasinja nawa aka ɗauka a hanya ba a rubuta ba. Sun yi shiru ne don kunya, ko don gudun a ce sun tona asirin ɗan uwa. Manaja mai tsawa zai ƙara rufe musu baki ne kawai.

Ka ware rana ɗaya a mako, bayan la'asar, ku zauna. Kowace mota da shafinta a littafi: abin da ta shigo da shi, mai, gyara, kuɗin tasha, kuɗin hanya. Wanda ya fara faɗin ɓarna, ka gode masa a gaban kowa, ko da ranka ya sosu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai abu mai ciwo. Mulally ya jinginar da kadarorin Ford har da tambarinsa, ya ranto sama da dala biliyan 23, sannan ya rabu da abin alfahari: Jaguar da Land Rover ya sayar wa Tata na Indiya a 2008, Volvo kuma ga Geely na Sin a 2010. Da abokan hamayyarsa na Amurka, General Motors da Chrysler, suka durƙushe a 2009, Ford yana tsaye. Jingina kam ban ba ka shawararta ba, ƙarfinku ba ɗaya ba. Amma motoci huɗun nan, ka sayar da biyu mafi lalacewa, ko da a ciki akwai wadda Baba ya fi so. Ka rage bashi, ka tayar da sauran biyun.

In ka ga dole sai manaja, ɗauko, amma kada ka sakar masa littafi da akwatin kuɗi tare. Carlos Ghosn ya farfaɗo da Nissan bayan 1999, iko ya taru a hannunsa, a 2018 aka kama shi a Tokyo bisa zargin almundahana, wanda ya musanta. Ku yi yarjejeniyar wata shida a rubuce, kai kuma kada ka fasa zaman mako ko sau ɗaya.