Hutun nutso a tsibirai: wane kamfani zan ba amanar numfashina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin tafiya hutu na kwana takwas, kuma mun daɗe muna sha'awar irin nutson nan da ake goya tukunyar iska a shiga ƙarƙashin teku a ga murjani da kifaye. Cikinmu babu wanda ya taɓa yi. Ita ta iya iyo sosai, ni kuwa sama-sama. Muna ta kai-kawo tsakanin Maldibs da Zanzibar da wani tsibiri a Tailan. Da na duba intanet sai na ga kamfanonin ba iyaka, kowa da tambarin PADI, wata ƙungiyar koyar da nutso, a shafinsa, amma kuɗin wani ya kusa ninka na wani, har akwai mai cewa cikin kwana biyu zai ba mu katin shaida. Wane tsibiri ya fi, kuma yaya za mu gane kamfanin kirki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce, amma ta biyun ita ce uwa, don haka bari mu sallami ta farkon da sauri.

Ga wanda bai taɓa nutso ba, duk wuraren ukun da ka ambata sun wadatar. Ruwansu da ɗumi, kifaye kuma sai idonka ya gaji. Abin da ya kamata ka duba shi ne watan da za ku je. A Maldibs teku ta fi kwanciya daga Disamba zuwa Afrilu. A Zanzibar ruwan sama mai yawa yana sauka ne wajen Afrilu da Mayu. A Tailan kuwa sai ka san ɓangaren da ka dosa: tsibiran Similan rufe su ake yi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, shi kuma tsibirin Koh Tao da ke ɗaya gefen ƙasar, wajen Nuwamba ne damina ta fi tsananta masa. Wuraren da zan ce ku ajiye sai gaba su ne irin su Komodo da Nusa Penida a Indunusiya, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, wani lokaci ma ya ja mutum ƙasa. Suna da kyau ƙwarai, amma ba ajin farko ba ne.

To, batun tambari. PADI da aka kafa a Amurka a 1966, da SSI da ta biyo baya a 1970, da CMAS da aka kafa a 1959, ƙungiyoyi ne masu tsara manhajar koyarwa da bayar da katin shaida. Katin kowacce daga cikinsu yana karɓuwa kusan ko'ina a duniya, saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen tunanin wacce ta fi. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ba ƙungiyar ce ke da shagon ba. Kowane shago kasuwancin mai shi ne, shi ke gyara kayansa, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke yanke shawarar fita ko fasawa idan teku ta yi fushi. Tambarin yana gaya maka littafin da suka yi alkawarin bi ne kawai. Ka nemi sunan malamin da zai koya muku da lambarsa ta rajista. PADI tana da shafin da ake sa lambar a ga ko izininsa na koyarwa yana aiki. Malamin gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Shi kuwa mai alkawarin kwana biyu, sai ka san abin da ake koyarwa kafin ka gane inda zai yi muku ƙwange. Duk mita 10 da ka yi ƙasa, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya. Wato a mita 10 ya ninka, a mita 20 ya zama ninki uku. Idan ka cika huhunka da iskar tukunya a mita 10, ka riƙe numfashi ka taso, iskar nan za ta kumbura ta ninka kafin ka iso sama, huhu kuma ba ya ɗaukar haka. Shi ya sa dokar farko a wannan harka ita ce ba a riƙe numfashi, ko da daƙiƙa kaɗan ne. Wannan da baki abu ne mai sauƙi. Amma ranar da ruwa ya cika maka gilashin fuska, ya shiga hanci, abin da zuciya za ta ce maka shi ne ka rufe baki ka zabura sama. Darasin farko gaba ɗayansa an gina shi ne don a kashe wannan zaburar: a sa ka cire gilashin a cikin ruwa ka mayar, a sa ka jefar da abin shaƙar iska ka lalubo shi, a sa ka karɓi iska daga abokin nutsonka, a yi ta maimaitawa har jiki ya saba. A tsarin PADI akwai karatu, da zama biyar a ruwa marar zurfi, da nutso huɗu a teku, kuma yawanci kwana uku zuwa huɗu yake ci. Katin da za ku samu ya ba ku izinin zurfin mita 18. Wanda ya matse wannan cikin kwana biyu, maimaitawar ya yanke, ita ce kuwa abin da kuka biya.

Akwai hanyar rage lokaci ta halal. Ku yi karatun ta intanet tun kafin ku tashi, sai ku isa tsibirin aikin ruwa kaɗai ya rage. Idan kuma ba ku tabbata abin zai karɓe ku ba, akwai ɗanɗano na yini guda, inda malami ke riƙe da ku kusa da shi, ba a wuce mita 12, ba a kuma ba da kati. Ni na fi son mutum ya fara da wannan. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin darasi cikakke, ya sa kai cikin ruwa minti biyar ya gane ba hanyarsa ba ce.

Ka ce iyonka sama-sama ne. A nan zan tsaya maka, Malam. Kafin a ba ka kati dole ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, da kowane salo, ba a ƙayyade lokaci ba, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Idan ka gaya wa kamfani cewa ba ka ƙware ba, suka ce "ba komai, falmaran iska zai riƙe ka", to ka gode musu ka nemi wani. Haka batun takardar lafiya. Za a tambaye ku game da asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon suga, tiyatar kunne, huhun da ya taɓa saɓulewa da sauransu, kuma wasu amsoshin suna wajabta ganin likita kafin a shiga ruwa. Mai juna biyu ba ta nutso, mai cutar sikila ma likitoci suna hana shi. Ko mura ce ta toshe maka hanci sai ka haƙura, domin ba za ka iya daidaita iskar kunnenka ba, dodon kunne kuma yana iya fashewa. Shagon da ma'aikacinsa ya miƙo maka takardar yana raɗa maka cewa ka rubuta "a'a" daga sama har ƙasa, ya riga ya gaya maka matsayin ranka a wurinsa. Babbar alamar kamfanin kirki a wurina ita ce ya iya kallon kuɗinka ya ce maka a'a.

Saboda haka kada ka biya duka kuɗin ta intanet. Ka ba da kafin alƙalami idan ya zama dole, sauran sai ka je, gani ya kori ji. Idan ka isa, kada ka tsaya a gaban shago inda aka jera hotuna, ka ce a zagaya da kai baya. Ka dubi injin da ke ɗura iska cikin tukwane, ka ga inda bututunsa yake zuƙo iskar. Idan kusa da salansar janareto ne ko inda jiragen ruwa ke tayar da inji, hayaƙi yana shiga tukunya, a cikinsa kuma akwai gubar kabon monoksaid da ba ta da wari ba ta da launi, wadda illarta ke ƙaruwa a zurfi. Na taɓa buɗe tukunya a wani shago na ji iskar tana ɗanɗanon man inji, mai wurin yana ce mini haka take, sabuwar tacewa ce. Na mayar masa da tukunyarsa. Iskar kirki ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. A kafaɗar kowace tukunya akwai hatimin ranar da aka yi mata gwajin ƙarfi, wanda a ƙasashe da yawa duk shekara biyar ake yi, ban da leƙa cikinta da ake yi duk shekara. Ka duba robar da ake sawa a baki ko ta yage, ka duba tiyo ko ya tsattsage, ka saurara ko iska na tsiyaya. Kaya su tsufa ba laifi ba ne, rashin kulawa ne laifi.

Daga nan sai jirgi. Tambayar farko: ina tukunyar oksijin ta gaggawa, kuma wa ya iya amfani da ita? Ka ce a nuna maka, kada a gaya maka. Dalilinta shi ne naitirojin, iskar da ta fi yawa a cikin wadda muke shaƙa, har da ta tukunya. Yayin da kake ƙasa, wannan iska tana narkewa cikin jini da nama, kamar gas a kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Idan ka taso a hankali sai ta fita ta numfashi. Idan ka taso da gaggawa ko ka daɗe fiye da ƙima, sai ta yi kumfa a jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko mutuwar jiki, ko shanyewa. Shi ya sa ake da jadawali: a mita 18 iyakarka minti 56, a mita 30 minti 20 kacal, kuma ana tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito. Taimakon farko ga wanda abin ya kama shi ne oksijin zalla, maganin kuwa ɗakin matsin iska ne na asibiti. Ka tambaye su ina mafi kusa yake, awa nawa ne zuwa can, kuma da me ake zuwa. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce a wuri irin Maldibs, inda tsibirai kusan 1,200 suka miƙe sama da kilomita 800. Jigilar gaggawa da jinyar suna da tsada sosai, inshorar tafiya ta gama-gari kuma sau da yawa ba ta ɗaukar nutso, ko ta ƙayyade zurfi. Ka karanta taka da kyau, ko ka yanki ta masu nutso, irin wadda DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ke bayarwa.

Tambaya ta biyu a jirgi: yaya suke ƙirga mutane? Za ka ga kamar wasa ne. A Janairun 1998 wani jirgin masu nutso ya baro wasu ma'aurata 'yan Amurka a tsakiyar teku a gaɓar Ostireliya, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba. Bayan wannan ne jihar Kwinsland ta Ostireliya, inda abin ya faru, ta tsaurara dokar ƙirga fasinjoji. Ƙirga kawuna da yatsa ba ya isa, domin mutane suna motsi. Abin da kake so ka gani shi ne ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya daga takarda, kafin shiga da bayan fitowa, kuma akwai wanda ya rage a jirgi yana kallon ruwa.

Yanzu ka ga inda bambancin kuɗin yake fitowa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, wani lokaci kuɗin otal ɗin da shagon yake ciki kake biya. Ka tambayi abin da ke cikin farashin: hayar kaya, kuɗin kati, kuɗin shiga gandun teku, kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci. Sannan ka tambayi ɗalibi nawa malami ɗaya ke ɗauka. Ƙa'idar PADI ta yarda har takwas a teku, amma takwas iyaka ce, ba abin so ba. Huɗu ko ƙasa da haka nake ba da shawara, kuma ku biyu kuna iya neman malami naku na kanku idan aljihu ya yarda. A Koh Tao, inda ɗalibai ke tururuwa saboda sauƙin kuɗi, akwai manyan makarantu masu cika jirgi, akwai kuma ƙanana masu natsuwa, sai ka zaɓa. Idan kana karanta ra'ayoyin waɗanda suka riga ka, ka tsallake masu yabon kyan kifi, kifi ba na kamfani ba ne. Ka nemi wanda ya ba da labarin ranar da abu ya ɓaci, da yadda ma'aikata suka yi.

Wani abu da nake lura da shi shi ne hannun jagora. Murjani dabba ce mai rai, wasu nau'o'insa santimita ɗaya ko biyu suke ƙaruwa a shekara. Jagoran da ke tsayawa a kansa, ko ya kama kunkurun teku don a yi hoto, ko ya watsa wa kifaye abinci, ya nuna maka yadda ya ɗauki doka, kuma ba a kan murjani kaɗai zai karya ta ba. Shagunan da ke cikin shirin Green Fins na kare murjani, wanda aka fara a Tailan a 2004, sun yi alkawarin barin irin waɗannan ɗabi'u.

Kwana takwas ɗinku sun isa idan kun tsara su. Ranar isowa ku huta, ku sha ruwa sosai, ku zagaya shaguna biyu ko uku. Kwana huɗu na darasi, kwana ɗaya na nutson jin daɗi da sabon katinku, ranar da ta rage kafin tafiya kuma ku bar ta a tudu. Jirgin sama yana rage nauyin iskar da ke kanka, naitirojin ɗin da ya saura a jiki yana iya yin kumfa a can sama. Shawarar DAN ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, kamfanoni da dama kuma sukan ce a cika 24. Kai kuma, Malam, tun daga makon nan ka nemi wurin iyo, ka sa maiɗakinka ta riƙa ƙirga maka, sai ka yi mita 200 ɗin nan ba ka taɓa bango don hutawa ba kafin ka yanki tikiti.