Amsa ga mai tambaya kan harsashin dalma da nauyinsa ba ya zuwa ɗaya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana zuba harsashin bindigar toka a mazubi ɗaya, amma in ka ɗora a sikeli sai wani ya fi wani nauyi, har kana zargin sikelin. Ni ma na sha wannan wahalar shekaru, kuma sau da yawa laifin na zafin mazubi ne.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, amma narkewa kaɗai bai isa ba. In mazubin da sanyi, tana shiga sai ta daskare tun kafin ta cika ko'ina, ta bar kogon iska a ciki. Daga waje ka ga ƙwallo lafiyayye, ciki kuwa rami. Wata rana da hunturu, a tsakar gidanmu can cikin gari, na zuba kusan talatin da sassafe, iska na kaɗawa. Na farkon duk sun fito da tamoji kamar fatar tsoho. Da na sara ɗaya da kurfi, sai ga rami daidai ƙwayar gero kusa da cibiyar. Tun ranar nake ɗumama mazubi a gefen wuta, goman farko kuma in mayar da su tukunya ba tare da na ko duba su ba.

Sannan hannunka ya riƙe tafiya ɗaya. Kada ka zuba biyar ka tsaya amsa waya. Ludayi ya cika, ka zuba a ja ɗaya, ka bar ɗan tudu a bakin ramin, domin dalma na tsukewa in tana hucewa, daga tudun nan take jan ciko. Dattin da ke tasowa sama ka riƙa kwashe shi.

Sai dalmar kanta. Wadda ake tsinta wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa ta Kano gauraye take, wata da kuza a ciki, kuma kuza ba ta kai dalma nauyi ba. Narka ta jiya daban, ta yau daban, dole nauyi ya saɓa. Haɗa duka ka narka lokaci guda. Ƙwallo mai faɗin milimita 12.5 na dalma zalla yana kai wajen giram 11.6. Ni da ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya nake aunawa, duk wanda ya gaza 'yan'uwansa sosai ya koma wuta.

Dalmar batirin mota kuwa, don Allah ka bar ta, hayaƙinta guba ne. Ka yi aikin a fili, nesa da yara da tukwanen girki, ka wanke hannu kafin cin abinci. Ba mu manta yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Kuma ko ɗigon ruwa kada ya kusanci tukunyar, ludayi mai laima in ya nutse ciki, dalmar fuska take watsowa. Tabon yana nan a bayan hannuna na hagu.