Me ya sa garuruwan gefen birni ke haɗa kai amma su ƙi haɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha jin labarin ƙananan garuruwan da ke manne da wani babban birni, kowanne da magajin garinsa da majalisarsa, amma sai a ce makarantunsu ɗaya ne, ko 'yan kwana-kwanansu ɗaya. Tunda komai tare suke yi, me ya hana su dunƙule su zama gari guda, ko su shige cikin birnin kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai ba komai suke yi tare ba, ɗan'uwa. In ka lura da kyau, abin da ke cin kuɗi shi suke haɗuwa a kai, abin da ke ba da iko kuwa kowa ya riƙe nasa gam.

Ɗauki motar kashe gobara mai dogon tsani. Ƙaramin gari zai iya shekara bai buƙace ta ba, amma ranar da wuta ta kama bene, babu ita babu tsira. In gari ɗaya ya saya, ga albashin ma'aikata dare da rana, ga gyara, ga mai, duk a wuyan 'yan tsirarun masu biyan haraji. In garuruwa biyar suka yi karo-karo, nauyin ya rarrabu. Haka matatar ruwa, juji, da ɗakin amsa kiran gaggawa. Sannan akwai abubuwan da ba ruwansu da iyaka: ruwan sama da ya cika kwatar wannan gari a gidajen na ƙasa da shi yake kwana, ɓarawon da ya fasa gida a nan cikin minti biyu ya tsallaka can.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwangila. A 1954 mutanen Lakewood a jihar Kalifoniya ta Amurka suka ga birnin Long Beach na neman haɗiye su. Sai suka kafa garinsu mai cin gashin kansa, amma ba su ɗauki 'yan sanda ko ma'aikatan gyaran titi na kansu ba, suka ba gundumar Los Angeles kwangilar yin waɗannan ayyuka suna biya. Garuruwa da dama a yankin suka kwaikwayi wannan dabara. Faransa kuwa, mai ƙananan hukumomi kusan 35,000, doka ta bi: dokar 1999 ta ƙarfafa kafa hukumomin haɗin gwiwa, irin su Plaine Commune da ta tattara Saint-Denis da Aubervilliers da maƙwabtansu a arewacin Paris. A 2016 aka ɗora wata babbar hukuma a sama, wadda ta haɗa Paris da garuruwa 130 na kewayenta.

To me suke ƙin saki? Abu biyu: ikon yanke haraji, da ikon cewa ga abin da za a gina a kan fili. A nan gizo ke saƙar. Majalisar da ta ce ba za a gina gida a fili ƙasa da kaza ba, ba za a yi benen haya ba, ta riga ta zaɓi wanda zai zauna a garin ba tare da ta ambaci kowa ba. Talaka ba zai iya ba, shi ke nan.

Dubi garuruwa biyar masu suna Grosse Pointe a kusa da tafkin St. Clair, daf da birnin Detroit na Amurka. Hukumar makarantunsu ɗaya ce, ɗakunan karatunsu ma haka, amma kowanne da gwamnatinsa. In ka tsaya a kusa da titin Alter, inda Grosse Pointe Park ta yi iyaka da Detroit, taku kaɗan ne tsakanin manyan gidaje masu shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da layukan da aka rushe gidajensu aka bar fili. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ba za a tilasta wa makarantun garuruwan kewayen Detroit shiga shirin cakuɗa ɗalibai baƙaƙe da farare na birnin ba. Saboda haka, a ganina, haɗin kan irin waɗannan garuruwa wani lokaci katanga ce: sun haɗu a junansu ne don kada a haɗa su da birni, alhali a birnin da yawansu ke neman abinci.

Inda na fi jinjina wa shi ne yankin Minneapolis da St. Paul, domin sun taɓa abin da kowa ke gudu, wato aljihu. Dokar jihar Minnesota ta 1971 ta ce kashi 40 cikin 100 na ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu da ake yanke wa haraji, a gundumomi bakwai na yankin, a zuba shi asusu ɗaya a sake rabawa bisa yawan jama'a da ƙarfin kowane gari. Garin da ya samu katafariyar kasuwa bai cinye shi kaɗai ba, wanda ma'aikatan kasuwar ke kwana a cikinsa shi ma ya lasa. Sai da aka sha shari'a kafin ta fara aiki a 1975.

Batun dunƙulewa kuwa an gwada. A Kanada, gwamnatin lardin Quebec ta haɗe dukkan garuruwan tsibirin Montreal suka zama birni guda a 2002. Jama'ar gefe ba su yarda ba. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2004, garuruwa 15 suka ɓalle a 2006. Sun karɓo ikon tsara filaye da ƙananan tituna da wuraren shaƙatawa. Amma 'yan sanda, kwana-kwana, samar da ruwan sha da motocin sufuri sun zauna a hannun majalisar haɗin gwiwa, inda kowane gari ke biyan kasonsa, Montreal kuma ke riƙe da mafi rinjayen ƙuri'u.